Daga Dogon Daji Zuwa Holan: Harshen Gidan Miji

Matafiyin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega, in ya wuce Bodinga da Shagari, zai iske Dogon Daji kafin ya kai Tambuwal. Gari ne na bakin babbar hanya, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, ƙasar Kebbe kuwa tana kudu da shi. Mutanen wurin manoma ne. Da damina gero da dawa da wake, da rani kuma a gangara fadama a yi albasa da sauran kayan lambu. Hausarsu Sakkwatanci ce, inda ake cewa tahi maimakon tafi, hura maimakon fura, lahiya maimakon lafiya.

A wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya a sami macen da ba ta san kalmar Holan ba, amma yawanci a jikin zane suka san ta. Lefen da babu atamfa Holan a ciki, mata sukan taɓe baki. Wannan atamfa daga wani gari take fitowa mai suna Helmond, inda aka kafa masana'antar Vlisco tun 1846. Madarar gwangwani ta Peak, wadda mai shayi yake hudawa a bakin tasha, ita ma asalinta daga can ne, ta fara shigowa Nijeriya a 1954. Holan dai ƙasa ce a Turai, tana da mutane wajen miliyan 18, da harshenta da ake kira Holanci. Masu wannan harshe sun kai kimanin miliyan 24, gama ana yinsa a arewacin Beljiyam da ƙasar Surinam ta Amurka ta Kudu.

Abin da ya kai mu can zumunci ne. Ƙanenmu ya yi shekaru yana aikin lafiya a Dogon Daji, ɗiyarsa kuwa a nan ta girma, har Sakkwatanci ya kama bakinta. Wani saurayi ɗan Holan ya zo yankin aikin irin albasa, suka ga juna, suka daidaita, iyaye suka bincika suka yarda, aka ɗaura aure. Da Turanci suka yi zance, da Turanci suka yi alkawari. A 2024 muka je ganin ɗakinta. Abin da muka gani game da harshe shi ne muke so mu ba ku labari, domin yau 'ya'yanmu suna aure nesa, tilas iyaye su san abin da ke gabansu.

Jarrabawa kafin tafiya

Bayan biki ango ya koma ƙasarsu, amarya kuwa ta zauna gida. Dalili shi ne wata dokar Holan da ta fara aiki ran 15 ga Maris 2006. Dokar ta ce mutumin ƙasa irin tamu, in yana so ya je ya zauna da miji ko mata a Holan, sai ya ci jarrabawa a ofishin jakadancinsu tun yana ƙasarsa. Jarrabawar kashi 3 ce, a kan kwamfuta ake yi: magana da Holanci, karatun Holanci, da sanin zaman jama'ar ƙasar. Matakin farko ne na harshe, wanda ake kira A1, watau gaisuwa, ƙidaya, lokaci, saye da sayarwa, da amsa gajerun tambayoyi. Akwai kayan shiri da gwamnatinsu ta fitar, sunansu Naar Nederland, ma'ana "zuwa Holan", da fim da littattafai. Wanda ya faɗi sai ya sake, miji yana can, mata tana nan.

Haka ɗiyar tamu ta yi watanni a Dogon Daji, waya a kunne, tana maimaita kalmomi a tsakar gida, ƙannenta suna dariya suna cewa ƙaya ta maƙale mata a wuya. Kowace yamma mijin yana kira, minti goma na farko babu Turanci, sai Holanci kaɗai. Ta ci jarrabawa, aka ba ta izinin shiga. Da isarta kuma wata doka tana jira, wadda ta ba baƙo shekara 3 ya kai matakin da ya fi wancan nisa. Amma ta gaya mana, "Baba, jarrabawar gwamnati ƙarama ce. Babbar tana teburin surukata."

Ƙasar da aka ƙwato daga teku

Daga Legas jirgin sama ya ɗauke mu da dare, cikin awa bakwai ba kaɗan muka sauka a Schiphol, filin jirgin Amstadam. Wurin da jirgin ya taɓa ƙasa dā tabki ne, an ƙafar da shi a 1852, har yanzu kuwa filin yana ƙasa da bisan teku da kamar mita 3. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar haka yake. Ganuwar ƙasa ce take tare ruwa, injuna kuma suna kwashe shi dare da rana. Mutanen ba su manta da 1953 ba, shekarar da teku ta fasa ganuwa da dare a kudu maso yamma, mutum 1,836 suka halaka.

A ƙarƙashin filin jirgin muka shiga jirgin ƙasa zuwa Lelystad, daga nan sai mota zuwa wani ƙauye kusa da Emmeloord. Ƙasa shimfiɗe kamar faifai, babu tudu ko ɗaya. Hanyoyi a miƙe, magudanun ruwa a miƙe, itatuwa a jere. Kekuna kuwa sun fi mutane yawa. Tsohuwa mai furfura za ta wuce ka a kan keke da kwandon cefane. Kusan duk wannan lardi na Flevoland dā teku ne. A 1932 aka gama wata ganuwa mai tsawon kilomita 32 wadda ta raba wannan ruwa da babbar teku, a 1942 kuma yankin Emmeloord ya bushe. An kai mu wani wuri mai suna Schokland, tsibiri ne dā, an kwashe mutanensa a 1859 saboda ruwa yana cinsa. Yau yana tsakiyar gonaki, tsohuwar matsayar jiragen ruwa tana duban dankali.

Da muka ga gonakin albasa sai muka tuna Aliero. Holan tana cikin manyan masu sayar da albasa a duniya, har Senegal da Kwaddebuwa ake kai ta. Sunan albasa da Holanci harafi biyu ne kacal, ui, amma furta shi ya fi nome kadada wuya. Surukin ɗiyarmu, dattijo manomi, ya gaya mana cewa iyayensa ma baƙi ne a nan. Da ƙasa ta bushe, gwamnati ta zaɓo manoma daga larduna dabam dabam, wasu daga Zeeland, wasu daga Friesland, wasu daga Brabant, kowa da karin harshensa. Sai da suka koyi jin juna kafin ƙauye ya zama ƙauye.

Turanci na titi, Holanci na gida

Mai karatu zai ce, ai mutanen Holan suna jin Turanci, me ya sa za a wahala? Gaskiya ne, yawancinsu suna ji. A tasha, a kanti, a banki, Turanci ya ishe mu. Wannan ma shi ne tarkon. Da zarar baƙo ya buɗe baki da tsamin Holanci, sai a juya masa zuwa Turanci don a taimake shi, ta haka mutum zai shekara biyar bai iya komai ba. Ɗiyarmu ta haddace wata jimla da take faɗa wa masu kanti, ma'anarta, "Don Allah ku yi mini Holanci, koyo nake yi."

Amma da aka rufe ƙofa aka zauna cin abinci, Turanci ya tsaya waje. Ran Lahadi iyalin suka taru, mutum goma sha. Minti biyar na farko sun yi Turanci saboda mu, daga nan hira ta yi daɗi, kowa ya koma harshen uwarsa. Ba wulaƙanci ba ne, mu ma haka muke yi. Ɗiyarmu ta ce a watanninta na farko nan ne take jin kaɗaici. Za a yi dariya, ita tana murmushi ba ta san dalili ba. In miji ya fassara mata, dariyar ta riga ta huce. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Wanda ba ya jin harshe kuwa kurma ne ko da kunnensa. Kakar mijin, wadda ta haura shekara 85, ba ta jin Turanci sam, ita ce kuwa ta fi kowa son amarya.

Akwai kuma abin da ke tsakanin miji da mata. Mutum yakan yi aiki da harshen makaranta, amma in ya gaji, ko ya ji zafi, ko ya yi mafarki, harshen da aka goye shi da shi ne yake fitowa. Matar da ba ta jin wannan harshe, rabin mijinta kaɗai ta sani.

Mai sauƙi da mai wuya

Bahaushe yana da jarin da zai fara da shi. Burodi a wurinsu brood ne, sukari suiker, kofi koffie, tumatir tomaat. Suna bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda muke bambanta gari na zama da gari na tuwo: man namiji ne, maan kuwa watan sama; bom bam ne, boom itace. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan tun yana yaro. Harafin g kuma daga maƙogwaro yake fita da kurza, wanda ya taɓa jin Larabci ba zai sha wuya ba.

Inda wuyar take shi ne p da f da v da b da w, waɗanda bakinmu yakan gauraya. Vier huɗu ne, bier giya ce. In ba a lura ba, mai neman ƙwai huɗu zai nemi abin da bai yi niyya ba. Sukan kuma tara baƙaƙe babu wasali tsakani, kamar herfst, sunan lokacin zubar ganye. Ƙidayarsu a juye take: mu mukan ce ashirin da ɗaya, su sukan ce eenentwintig, watau ɗaya da ashirin, saboda haka a lura wajen biyan kuɗi da rubuta lambar waya. Mu muna raba kalmomi mace da namiji, su suna raba su tsakanin de da het, babu wata ƙa'ida mai ƙarfi, sai dai a haddace kowace kalma da rakiyarta.

Agogo ma yana da nasa tarko. In an ce half zeven, kunne zai ji bakwai da rabi, alhali shida da rabi ake nufi, gama suna ƙidaya rabin zuwa awa mai zuwa. Ɗiyarmu ta taɓa isa gidan surukarta an riga an kwashe kwanuka saboda wannan. A ƙasar da ake cin abincin dare wajen ƙarfe shida, ake kuma rubuta ziyara a littafi tun mako guda kafin ranar, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kalmomin da ke riƙe gida

Mun tambaye ta waɗanne kalmomi suka fi yi mata amfani. Ba na ofis ta lissafa ba. Ta ce goedemorgen, ina kwana. Welterusten, a kwana lafiya. Dank u wel, na gode. Alstublieft, don Allah, ko ungo. Kafin a sa hannu a abinci a ce eet smakelijk, a ci lafiya. In ya yi daɗi a ce lekker, mai girki ta ji daɗi. Ga marar lafiya beterschap, Allah ya ƙara sauƙi ke nan a wurinmu. A gidan makoki gecondoleerd. Ranar tunawa da haihuwar mutum kuwa, wadda suke ɗauka da muhimmanci ƙwarai, a zauna a da'ira, mai shigowa ya bi kowa da gefeliciteerd, ba mai ranar kaɗai ba, har uwarsa da matarsa da maƙwabcinsa a yi musu barka. Wannan ya yi kama da namu, muka ji kamar muna gida.

Akwai wata kalma da suke ji da ita, gezellig. Ita ce daɗin da ake ji in an zauna da mutanen kirki ana hira ba gaggawa, irin hirar tsakar gida bayan tuwon dare da farin wata. Ranar da suruka ta ce zuwan amarya ya yi gezellig, ranar ta san an karɓe ta.

Tsakanin miji da mata kuma akwai schat, ma'anarta dukiya mai daraja, da ita suke kiran juna. Ik hou van jou shi ne ina ƙaunarka ko ina ƙaunarki. Amma ta ce wadda ta fi wannan aiki ita ce het spijt me, watau ka yi haƙuri, na yi laifi. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. In aka ba mutum haƙuri da harshen uwarsa, yakan sauka da wuri.

Ladabi kuwa kowace ƙasa da irin nata. Suna da u na girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba ku, da jij na tsara. Surukuwa mace sunanta schoonmoeder, a tsohuwar ma'ana kyakkyawar uwa. Ɗiyarmu ta shiga da tarbiyyar gida: ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ba ta kama sunan suruka. Surukar ta damu, tana tsammani tsoronta ake ji, ko ana ɓoye mata wani abu, gama a wurinsu mai gaskiya yakan dubi ido. Ta ce wa amarya ta kira ta da sunanta. Amarya ta ce bakinta ba zai iya ba. Sai da ta sami isassun kalmomi ta bayyana mata mece ce kunya a ƙasar Hausa, cewa daraja ce ba tsoro ba. Suka shirya a kan mama. Da babu harshe, da kowace ta zauna da zatonta.

Su kuma mutane ne masu faɗin magana ƙiri ƙiri. In an miƙa maka abinci ka ce a'a don kara, ba za a sake tayi ba. In miyarki ta yi yaji za a faɗa miki a gaban kowa, ba da mugunta ba. Gaisuwarsu gajera ce, ba a tambayar gajiya da aiki da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya koyi kalmomi bai koyi wannan hali ba, zai riƙa jin haushi inda ba a nufe shi da komai ba.

Ranar haihuwa ma harshe ya yi rana. A Holan, bayan mace ta haihu wata ma'aikaciyar jego takan zo gida kullum har wajen kwana 8, ta duba uwa da jariri, ta koya wanka da shayarwa. Ana rubuta sunan yaro a ofishin hukuma cikin kwana 3, ba a jiran bakwai. Masu barka kuma a ba su busasshen burodi da aka barbaɗa wa 'yan ƙwayoyi masu zaƙi, shuɗi in namiji ne, ruwan hoda in mace ce. Mai jego da take nesa da uwarta, in ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo da bakinta ba, ta shiga uku.

Yadda ta koya

Ba wani asiri. Ta rubuta sunayen kayan ɗaki a 'yan takardu ta manna a jikinsu, tukunya da ƙofa da madubi. Kowace yamma tana kallon Jeugdjournaal, labarun talabijin na yara da ake yi tun 1981, domin a hankali suke magana. Ɗakin karatu na garinsu yana da wurin koyar da baƙi, aka haɗa ta da wata tsohuwar malama mai aikin sa kai, suna shan shayi suna hira sau ɗaya a mako. Suka kuma yi doka a gida: daga karin kumallo har miji ya fita aiki, Holanci kaɗai. Suka yarda cewa ba zai gyara mata magana a gaban mutane ba, sai sun koma gida, ba kuma lokacin da ake saɓani ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Kaya ba a kai ɗaya ba

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne angon ma bai zauna ba. Da muka shiga ya rusuna ya ce, "Baba, kun zo lahiya? Ina gajiya?" da Sakkwatancin da ya tsinta a bakin matarsa. Kowace Asabar yakan gai da surukarsa ta waya da Hausa, tana gyara masa tana dariya. Ba shi ne na farko a ƙasarsu da ya kula da harshenmu ba. A Leiden, inda jami'arsu mafi tsufa take tun 1575, akwai cibiyar nazarin Afirka, kuma Paul Newman, masanin Hausa wanda ya yi aiki a Kano, ya koyar a can a shekarun 1970. Ɗansu kuwa uwa tana yi masa Hausa, uba yana yi masa Holanci, domin ya iya kiran oma a nan, ya kira kaka a can.

To, iyaye, in ɗa ko ɗiya ta kawo muku wanda harshensa dabam ne, ko daga Holan, ko daga Zuru, ko daga Yarabawa, bayan kun tambayi hali da asali da sana'a, ku ƙara tambaya ɗaya: wa zai koyi harshen wa, yaushe kuma za a fara? Ku matasa kuma, kada ku jira sai an ɗaura. Ku fara da gaisuwa, da godiya, da ban haƙuri, da sunayen abin da ke cikin tukunya, kalma biyar kowace rana. Wanda ake koyon harshensa kuma ya yi haƙuri, ya rage sauri, ya rama da koyon na ɗan'uwansa, domin jikokin gida biyu su tashi suna jin kakanninsu duka.